Akwatin DI: wanne za ka saya in kana son ya daɗe kuma sautinka ya fita fes

Duk wanda ya taɓa ɗaukar kayan sauti zuwa gidan biki ko majalisi ko filin taro ya san wannan ƙugin. Ka gama jera sipiku ka ja wayoyi ka tada janareto, ka gwada makirufo komai lafiya lau, sai mai fiyano ya iso ya kafa kayansa ka jona shi a miksa kawai ka ji zuuuu ya cika wajen, ka rage ƙara ya ragu ka ƙara ya dawo, ga mutane sun fara shigowa ga mai taro yana hararar ka. A nan ne za ka ga wani yana canza waya bayan waya, wani ya kashe bes ɗin canel ɗin gaba ɗaya har fiyanon ya koma kamar rediyon hannu, wani kuma, wanda ya fi tayar min da hankali, ya ɗauko filaya ya karya ƙafar at ta jikin fulogi, wato ƙafa ta ukun nan da ke haɗa na'ura da ƙasa. Galibi abin da ya ɓace a wajen ɗan ƙaramin akwati ne da bai fi tafin hannu ba, wanda muke kira DI, wato di-ai a baki. Da yawa cikinmu mukan zuba kuɗi a amfilifaya da manyan sipiku amma in aka zo kan DI sai a ce a ɗauko kowanne ne ai duk ɗaya ne, toh wallahi ba ɗaya ba ne, kuma dalilin da ya sa ba ɗaya ba ne shine abin da nake so mu tattauna.

Aikinsa a taƙaice, yana karɓar siginal daga kayan kiɗa ta jak, ya mayar da shi irin siginal ɗin makirufo da ke fita ta XLR mai ƙafa uku, wanda za ka iya ja mita 30 ko 50 ko fiye ta cikin sinek, wato doguwar wayar nan mai ɗauke da layuka da yawa, har teburin miksa ba tare da ya kwaso shara a hanya ba. Wayar jak ta jita ko ta fiyano hanya ɗaya ce ke ɗauke da sauti a cikinta sai rigar waya da ke kewaye da ita, dan haka duk hayaniyar da ta shiga, daga wayar wuta ko fitilun ado ko caja, ta zauna kenan ta haɗe da kiɗan. Ita kuwa XLR hanya biyu ce, ƙafa ta 2 da ta 3, ƙafa ta 1 kuma ta ƙasa ce. Hayaniya tana hawa hanyoyin biyu daidai wa daida, shi kuma miksa bambancin da ke tsakaninsu kawai yake saurara, kaga hayaniyar ta soke kanta sauti ya wuce. Shi ya sa wayar makirufo ke iya zagaye fili amma wayar jita in ta wuce mita 5 zuwa 6 sai ta fara kwaso hayaniya, saman sautin ma ya fara dushewa.

Sai maganar impidans, wato yawan turjiyar da hanya ke yi wa siginal da ake aunawa da om, wadda ita ce ke ruɗa mutane. Ka ɗauki fikof ɗin jita ko na bes marar batir, wato abin da ke ɗauko sautin igiyoyin, kamar rijiya mai ƙaramin ido, ruwan yana da kyau amma a hankali yake tsattsafowa, in ka zura mata babban injin ban ruwa nan take za ta ƙafe ka fara jan laka. Ramin layin miksa yana da impidans wajen om 10,000 zuwa 20,000, na makirufo kuma bai fi 1,000 zuwa 3,000 ba, wato suna zuƙa da yawa, alhali fikof ya saba da amfin jita da ke ba shi kusan om miliyan 1 yana ɗiban kaɗan kaɗan. In ka soka jita kai tsaye a miksa shi ya sa take fitowa a shaƙe ba haske. DI yana tsayawa a tsakani, ta ɓangaren jita ya nuna babban impidans ta ɓangaren miksa ya nuna ƙarami, kowa ya samu abin da yake so. Fiyano kuwa, irin su Yamaha PSR da Korg da mawaƙanmu suka fi amfani da su, famfo ne mai ƙarfi, shi ba wannan ce matsalarsa ba, matsalarsa tsawon waya da ƙugin ƙasa.

Ƙugin nan kuma ga asalinsa. Fiyano ko amfin bes yana jone a soket ɗin dandamali, miksa yana jone a wani soket can baya, kowanne da at ɗinsa, kuma at ɗin biyu ba lallai su zo daidai ba, akwai ɗan bambancin wuta tsakaninsu. Da ka haɗa su da wayar sauti sai ka rufe da'ira, ƴar wuta ta fara bi ta rigar wayar, ita ce kake ji. Wutarmu a Najeriya da Nijar tana juyawa sau 50 a daƙiƙa, dan haka ƙugin yana kan 50 da ninkinsa 100 da 150, a Amurka 60 ne. In kana kan janareto ma za ka ji muryar ƙugin tana hawa tana sauka yadda injin ke ɗaukar lodi. Makunnin da aka rubuta LIFT a jikin DI yana cire ƙafa ta 1 ne kawai ya yanke wannan da'irar ta ɓangaren sauti, at ɗin wuta yana nan yadda yake. Wannan ne bambancinsa da karya ƙafar fulogi. Ƙafar nan ita ce ke kwashe wuta in wani abu ya lalace a cikin amfi, in ka cire ta jikin na'urar zai iya ɗaukar bolt 230 sannan mawaƙi ya riƙe jita ya kai leɓe kan makirufo, Allah ya kiyaye, an rasa rayuka ta haka a dandamali a wasu ƙasashe. Don Allah ƴan uwa a daina.

Abin ba sabo ba ne. Tun shekarun 1960 a birnin Detroit na Amurka injiniyoyi ke haɗa irin wannan akwati da hannu, Ed Wolfrum na cikin waɗanda aka fi ambata, akwatinsa da ake kira Wolfbox taransfoma ce kawai a cikin gwangwani, kuma bes ɗin da ake ji a faya-fayan kamfanin Motown na lokacin kai tsaye ake jona shi a tebur. Na kawo wannan ne don ka ga tun farko zuciyar abin taransfoma ce, har yau kuma haka yake a akwatuna da yawa.

DI kala biyu ne, fasif da aktif. Fasif ba ya cin wuta ko batir, taransfoma ce a ciki da ƴan makunnai. Yawanci naɗin 12 ne zuwa 1, wato ƙarfin siginal yana sauka ninki 12, kusan desibel 22 kenan, impidans kuma yana canzawa ninki 144, dan haka in miksa na da om 1,500 kayan kiɗan zai ga kamar 216,000. Babban alherinsa shine in ka danna LIFT babu wata waya da ta haɗa shiga da fita, maganaɗisu ne kawai ke tsallakar da sautin daga wannan naɗi zuwa wancan, toh kaga da'irar ƙugi ta yanke da gaske, wutar fantom ma, wadda miksa ke turowa ta wayar XLR, ba ta iya tsallakawa ta taɓa kayan mutane. Aktif kuma yana da ƙaramin amfi a ciki, yana shan bolt 48 na fantom daga miksa ko batir mai bolt 9, shi ya sa zai iya nuna impidans babba sosai, BSS AR-133 miliyan 1 ne, Countryman Type 85 har miliyan 10. Ka'idar da masu aikin suka saba faɗa ita ce kayan da ke da wutarsa a ba shi fasif, kayan da ba shi da wuta a ba shi aktif. Fiyano, injin ganga, laftof, kayan DJ, bes mai batir a ciki duk fasif. Bes marar batir da fikof ɗin da ake mannawa a jikin katako aktif. Wannan na ƙarshen ya shafe mu kai tsaye domin yanzu akwai masu manna wa gurmi ko garaya ko goge ɗan fikof mai kama da kwabo don a ji su a babban taro, irin wannan fikof ɗin na fiyezo in bai samu om miliyan 1 ko sama ba sai sautin ya fito siriri yana ƙyas ƙyas babu ciki, sai a ɗora wa makaɗin laifi ko a ce kayan gargajiya ba sa shiga sipika, alhali akwatin ne bai dace ba.

Ni dai in ka tambaye ni, a irin yanayin aikinmu fasif mai kyau shi ne farkon saye. Ka duba yadda muke aiki, rabin taro a wutar NEPA rabi a janareto, wani ɗakin taron ma at ɗin ado ne a soket ba a ja shi ko'ina ba, ƙaramin miksa da yawa makunnin fantom ɗaya ne ke kunna duk canel a lokaci guda, wasu masu amfi a ciki ma ba sa ba da 48 ɗin cikakke. Kuma ko da cikakke ne, fantom yana biyowa ta resista biyu masu om 6,800 ne, ƴar wuta ce kaɗan, dan haka aktif mai arha in ka buga masa fiyano da ƙarfi numfashinsa ƙarewa yake ya fara tsatsa. Batir kuma ka san halinsa, yana mutuwa a tsakiyar waƙa, a wasu akwatunan muddin jak na soke batir na ci ko ba a kiɗa, in ka manta shi a ciki zafin watan Afrilu ya sa ya zubar da ruwa ya cinye wayoyin. Sannan aktif mai shan fantom yana buƙatar ƙafa ta 1 don wutar ta koma, saboda haka cire ƙasa a wajensa sai da dabara, masu kyau sun warware wannan, Radial J48 da tsarin wutarsa na ciki, AR-133 da taransfoma a mafita, amma akwai na kasuwa da za ka danna LIFT ƙugin ya ragu kaɗan kawai. Fasif babu ruwansa da duk wannan, ka jefa shi a jaka shekara goma ka ɗauko yana aiki.

Amma fa kalmar mai kyau ɗin nan ita ce wajen da kuɗin yake. Taransfomar sauti ba irin ta caja ba ce da aka yi don saurin juyi ɗaya tak, ana so ta ɗauki komai daga juyi 20 har 20,000 a daƙiƙa ba ta fifita wani ba. Wajen da mai arha ke faɗuwa shine sautin ƙasa, wato bes. Ƙarfen da ke tsakiyar naɗin yana da iyakar maganaɗisun da zai iya ɗauka, kuma sauti mai zurfi shi ya fi cika shi da sauri, in ya cika sai sautin ya murɗe. Igiyar ƙasa ta bes mai igiya huɗu tana kan 41, ta mai igiya biyar 31, fiyano kuma in ya saki kik da bes tare yana kaiwa can, toh ƙaramar taransfoma mai girman ƙwayar dabino a nan take shaƙewa, ka ji bes ɗin ya zama burr burr ba tsabta, ka je kana zargin sab ɗinka, wato sipikar bes, ko kana neman wanda zai sake naɗa maka sipika alhali tun daga dandamali aka ɓata abin. Masu kyau suna amfani da ƙarfe mai nikel da yawa, ana naɗin da tsari, ana sa shamakin tagulla tsakanin naɗin biyu don hayaniya kar ta tsallaka, sannan a rufe duka cikin gwangwanin wani ƙarfe da ake kira miyu-metal mai tare maganaɗisun waje. Rufin nan yana da muhimmanci a wajenmu tunda yawanci DI a ƙasa yake kusa da amfi ko sitabilaiza ko adaftar fiyano, marar rufi sai ya zama shi kansa fikof yana kwasar ƙugi daga taransfomar maƙwabcinsa, irin wannan kuma LIFT ba ya maganinsa sai dai ka matsar da akwatin. Kamfanin Jensen na Amurka sunansa ya fi fita a wannan fanni, akwai Lundahl na Suwidin da Cinemag su ma. Taransfomar ita kaɗai a wajen waɗannan takan fi kuɗin cikakken DI mai arha, dan haka in ka ga akwati ana cewa daidai yake da su amma kuɗinsa bai kai na wayar makirufo biyu ba ka san inda aka rage.

Sai gangar jiki, wadda a gaskiya ita ce ke kashe yawancin akwatuna kafin ma a zo maganar sauti. DI a ƙasa yake rayuwa, ana taka shi, masu liƙi suna hawa dandamali suna tuntuɓe da waya, ana zubar masa da lemo, in an tashi a watsa shi cikin buhu da wayoyi a jefa bayan a-daidaita-sahu ko akori-kura ya sha gargada har gida. Abin da ke fara mutuwa makunni ne da ramin jak. In makunnin ya leƙo waje kamar ɗan yatsa ranar da aka ɗora masa akwatin amfi ya tafi, dan haka ka nemi wanda aka nutsar da makunnansa ko jikin akwatin ya zarce su ya yi musu rumfa. Radial na ƙasar Kanada haka suke yi, ƙarfen waje yana lanƙwasowa kamar bangon littafi ya kare komai, Countryman kuma bututun alminiyam ne mai kauri komai yana can ciki. Ramin jak ɗin ka duba ko an ɗaure shi da noti a jikin ƙarfen, domin in dalma kawai ke riƙe da shi a kan allon ciki toh duk jan da aka yi wa waya dalmar ce ke sha, wata rana ta tsage sauti ya riƙa zuwa yana ɗaukewa, irin matsalar da ba ta nuna kanta a shago sai a gaban jama'a. Ramukan Neutrik ko Switchcraft sun fi riƙo kuma ana samun na canji, sai dai jabun Neutrik sun cika kasuwa ka sa ido. Ƙurar hunturu ma tana shiga makunni ta sa shi ƙarar-ƙarar, wanda ake kwancewa da sukurudireba a fesa masa mai wanke lantarki ya fi wanda aka manne shi da gam. Akwatin roba kuwa ni ban ga dalilin kai shi wajen taro ba, ba ya jure taku kuma ba ya tare hayaniyar rediyo.

Na taɓa yin aiki a wani ɗakin taro inda muka shafe kusan awa muna neman inda fiyano ke ɗaukewa, mun canza jak mun canza XLR mun canza canel, ashe ramin da ke cikin akwatin ne ya saki daga allo, in mai kiɗa ya buga ƙafa a katako sai ya yanke. Tun ranar ban ƙara sayen DI ban buɗe cikinsa ba.

In aka zo sunaye, waɗanda za ka gani a takardar buƙatun manyan mawaƙa in sun zo wasa ba su da yawa. Radial JDI fasif ne mai taransfomar Jensen, yana da fad, wato makunnin rage ƙarfin siginal, na desibel 15 da makunnin juya fuskar siginal da wani da ke haɗa hagu da dama su zama ɗaya, ɗan'uwansa J48 aktif ne. ProDI da ProD2 na kamfanin ɗaya ne, jiki iri ɗaya amma taransfomar ba Jensen ba ce shi ya sa suka fi sauƙi, kuma ProD2 mai hanya biyu ne, wato DI biyu a akwati ɗaya, wanda ya dace da fiyano sosai. Countryman Type 85 ya daɗe a dandamali masu bes suna son shi. BSS AR-133 da Klark Teknik DN100 daga Ingila suka samo asali kuma kamfanonin haya sun daɗe suna tara su, AR-133 fad ɗinsa 0 da 20 da 40 ne. Whirlwind IMP 2 fasif ne mai sauƙin kuɗi da ya yi suna wajen juriya. LR Baggs Para DI an yi shi musamman don jitar katako da fikof ɗin mannawa. Sai Behringer, irin su DI100 da DI20 da DI400P, waɗanda su ne aka fi samu a hannun mutanenmu saboda kuɗinsu. Ba zan ce kar a saya ba, mutum da abin da aljihunsa ya kai, DI100 yana aiki kuma ya fi babu nesa ba kusa ba, amma ka san matsayin da aka yi shi dominsa, kar ka ɗora masa bes mai igiya biyar a filin da ke da sab takwas kana jiran ya yi abin da JDI zai yi. Kuma tunda waɗannan akwatunan masu kyau ba sa saurin mutuwa, na hannu ɗan tokumbo daga Alaba ta Legas ko wajen masu shigo da kayan coci da na situdiyo yakan fi sabo fil marar suna, fentin da ya goge ba ya taɓa sauti.

In ka je saye kar ka tsaya kan kwali. Ɗaga shi ka ji nauyi, fasif da ba nauyi babu taransfomar kirki a ciki. Girgiza shi kusa da kunne. Soka jak ka zare sau da yawa ka ji ko yana kamawa da ƙarfi, XLR ɗin ma ka ga yana kullewa. In kana da mitar gwada wuta ka tafi da ita, a fasif ka auna tsakanin bakin jak da ƙafa ta 2 ko ta 3, bai kamata ta yi ƙara ba sam, in ta yi toh babu rabuwa. Sai ka auna jikin jak da ƙafa ta 1, tana ƙara in makunni na kan ƙasa ta yi shiru in ka danna LIFT, domin akwai jabun da makunnin ado ne ba a jona shi da komai ba. Ka roƙi mai shago a buɗe murfi, mai kayan gaskiya ba zai ƙi ba. Sannan gwajin kunne, a jona fiyano a buɗe ƙararsa sosai a danna maɓallan ƙasa na hagu, ka saurara da hedifon daga miksa, in ka ji yana murɗewa alhali fitilar miksa ba ta nuna ja ba ka danna fad, in fad ya gyara toh da sauƙi, in bai gyara ba ajiye shi. Ka kuma ɗora shi kan amfi da ke kunne ka juya shi hagu da dama ka ji ko ƙugi na tashi.

Laftof da waya su ma suna da nasu. Masu DJ da masu haska hotuna a wajen biki sun san wannan tsiiii da ke zuwa da zarar an jona caja ya ɓace da an cire. Fasif mai hanya biyu yakan kashe shi, akwai ma waɗanda aka yi don haka masu ramin RCA da ƙaramin jak na 3.5 kamar Radial ProAV2. Abin da nake gargaɗi a kai shine wayar nan da ake haɗawa a kasuwa, ƙaramin jak a kai ɗaya XLR a ɗaya kan, in ka soka ta a miksa fantom na kunne bolt 48 ya tafi kai tsaye cikin laftof ɗin mutane, ana ƙona katin sauti ta haka. Haka kuma haɗe hagu da dama ta hanyar murɗe wayoyi biyu waje ɗaya yana sa mafita biyun su yi ta kokawa da juna, sai da resista ake haɗa su. A fiyanon Yamaha ba ka buƙatar wannan wahalar, ramin da aka rubuta L/L+R shi da kansa yake haɗawa in shi kaɗai ka soka, DI ɗaya ya wadatar in dama sipikunka ba a raba su hagu da dama ba, kuma yawancin tarukanmu haka ne.

Ramin THRU kuma na mayar wa makaɗi siginal ɗinsa ne zuwa amfinsa na dandamali, kar ka ɗauke shi mafita ta biyu zuwa miksa. Wata ɗabi'a kuma da na sha gani ita ce ɗauko sauti daga bayan amfi, wajen da sipika ke jonuwa, a kai DI. Wasu akwatunan suna da wannan damar kamar Type 85, amma sai an sa makunnin a inda ya dace, amfi mai bawul kuma, wato mai ƴan kwalaben nan masu haske a ciki, dole sipikarsa ta kasance a jone, sannan amfin da aka yi wa birij, wato aka haɗe ɓangarorinsa biyu suna tura sipika tare, da yawancin sababbin nan marasa nauyi baƙar wayarsu ba ƙasa ba ce tana ɗauke da wuta, in ka haɗa ta da ƙasan DI za ka iya ƙona amfin. In ba ka tabbata ba ka bari. Jitar lantarki ma irin ta mutanen Agadez, daɗin sautinta rabi daga sipikar amfin yake fitowa domin ita ke yanke kaifin sama, dan haka makirufo a gaban amfi kamar SM57 ya fi DI a nan, sai dai in makaɗin yana da fedal mai kwaikwayon amfi.

Ba ko'ina ake buƙatarsa ba fa. In fiyano yana gefen miksa da waya mita 2 ko 3 kuma soket ɗaya suke sha, soka shi a layi ka wuce. Na'urar da dama mafitarta XLR ce mai hanya biyu galibi za ta tafi kai tsaye sai in ƙugi ya taso. Kuma DI ba zai gyara wutar da aka ja ba daidai ba, in janareto ba a kafa masa sandar at a ƙasa ba, ko fitilun ado da firiza suna layi ɗaya da kayan sauti, za ka ci gaba da jin abubuwa, wani lokacin ma in babu at ko'ina danna LIFT ƙara ɓata abin yake sai ka mayar. Shi ya sa makunnin ake gwada shi a kowane waje da kunne, ba a barin shi gefe ɗaya har abada. Ja wa dandamali da miksa wuta daga tushe ɗaya yana rage rabin matsalar tun kafin a buɗe jakar DI.

In ni ne nake fara tara kaya yau da ɗan kuɗi a hannu, zan fara da fasif mai hanya biyu guda ɗaya mai kyau, shi zai ɗauki fiyano yau gobe ya ɗauki laftof, hanya ɗayan ma za ta iya zama ta fiyano ɗayan ta injin ganga. In aiki ya ƙaru in ƙara aktif ɗaya mai babban impidans saboda bes da masu fikof ɗin mannawa, wanda ke karɓar fantom da batir duka don in miksan wani aka ba ni ban tsaya ba. Mai arha ɗin da nake da shi tun farko ba zan yar ba, ya zauna a jaka a matsayin na ko-ta-kwana. Ka rubuta sunanka a jiki da fenti ko ka sa a zana shi da ƙarfe, domin ƙaramin abu ne mai shiga aljihu kuma lokacin kwashe kaya da daddare shi aka fi mantawa a ƙarƙashin teburin mai fiyano, sannan ka samo masa ƴar jaka ko akwatin katako daban kar ya kwana cikin buhun wayoyi da sandunan makirufo.